Zarton da Ke Son Wuta

Can bayan Sokoban, inda kafintoci ke zubar da garin katako,
tulin ya kere rufin shago.
An hana yara hawa,
wai cikinsa na ci ba wanda ya hura.
Babana Iddirisu ya cusa hannu har gwiwa,
ya fizgo yana yarfewa.
"Zuwera, ɗebi abinki.
Ni dai ban ga mahaluƙin da zai zauna a nan ba."

Na ɗiba a kwalba uku.
A motar haya daga Kejetiya na rungume su a cinya
kamar kokon da aka aike ni sayowa,
ɗuminsu na ratsa zanena har ƙofar jami'a.

Wata bakwai ina kiwon abin da ido bai gani.
Abincinsu takarda da ɓawon rogo,
ɗakinsu tukunyar da ta kai digiri tamanin.
Ƙwai a wannan zafi tuni ya sandare,
nama ya saki ƙashi.
Su kuwa nan suke walwala,
suna tofar da wani ruwa mai cin itace.
Enzayim muke ce masa. Na tace, na sake tacewa,
har ya rage ɗigon da bai cika cokalin shayi ba.

Itace sukari ne da aka yi wa kitso,
zare kan zare, an matse har ruwa ba ya shiga.
Shi ya sa akuya ke tuƙa dare da rana,
shi ya sa gara ke da baƙi a cikinta.
To ga wanda ke warware kitson:
yana da tafi guda da yake dafe itacen,
da 'yar igiya mai lanƙwasa,
sai kai mai rami, zaren na bi ta ciki
kamar ta kafar allura,
haƙora biyu na jira a tsakiya,
suna datsa bibbiyu, bibbiyu,
ba ya saki sai ya kai ƙarshe.

Daren wata Talata aka ɗauke wuta.
Ni da Akosuwa muka zauna da fitilar waya,
tukunya na hucewa, muna kallo.
Da safe awo ya nuna kusan bai taɓuka komai ba.
Bai mutu ba. Sanyi ne ya sa masa kasala.
Da wuta ta dawo ya koma bakin aiki,
ko gaisuwa babu.

Na kai wa Baba hotonsa a Aboabo,
bayan isha'i, yana jiƙa ƙafa a roba.
Ya karkata allon, ya matso da shi kusa da hanci.
"Ina ƙusoshin?"
Na ce babu. Gishiri ne ke riƙe da gishiri,
nan ɗauri biyu na ƙibiritu,
cikinsa a cushe, iska ba ta da masauki,
gefen da zai yi lilo an gajarce shi.
Ya yi shiru. Ya nuna kujerar da nake kai,
wadda ya haɗa tun kafin a haife ni.
"Haka nake yi. Idan tsagi ya karɓi ɗan'uwansa daidai,
rana ta yi ta dukansa."

Shekara arba'in yana wasa zarto duk Asabar,
yana share garin yana biyan mai kura ya kwashe.
Yanzu yana tambaya ko buhu nawa zai ba da kofin sukari,
ko sukarin zai zama man da mota ke sha.
Na ce ban sani ba tukuna, Baba,
ɗigona bai cika cokali ba.
Ya ce gobe zai hana su zubar da na shagonsa.
Ya tsamo ƙafa, na miƙa masa tawul.